Inna ta sake hwaɗuwa, don Allah a ba ni shawara

Maman Hanifa: Salamu alaikum ƴan uwa. Innarmu ta haura 70, jiya ta sake hwaɗuwa bakin makewayi za ta alwalar asuba. Wanga tayil ɗin yayanmu yas sa shi sadda anka gyara gidanmu na unguwar Mabera nan Sakkwato, tun sannan na ce a bar siminti amma wa zai ji tawa tunda ba ni ka biyan kuɗi ba, matatai har cewa ta yi ƙauyanci ne. Inna na da teɓa sosai amma ƙahwahun sun sirance kamar ba nata ba. Yanzu na hana ta yawo, sallah ma zaune, na rage mata tuwo ko nauyin ya sauka. Mi zan ƙara?

Baban Sadik: Hajiya zaman nan shi zai gama da ƙahwahunta. Tsoka ita ka riƙe mutum, kuma bayan shekara 60 da sauri take zubewa. Kin zaunar da ita kin rage abinci, tsokar za ta riga kitsen tahiya. Ba ta wake, ƙwai, kihi, nono. Ta dinga tashi daga kujera tana zama kullum, wani na tsaye kusa. Ki kai ta sashen fisiyo (masu gashi da motsa gaɓoɓi) na UDUTH, asibitin koyarwa na Sakkwato.

Ummu Yusra: Allah ba ta lahiya. Ni surukata haka ta karye a ƙugu, ni kaɗai anka bari da jinya, ɗiyanta mata ko pampas ba su taɓa saye ba, yau kuma ni ce muguwa.

Aunty Balki: A'a nauyin ne matsala, gwiwa ba ta ɗaukarshi. Ci gaba da rage mata, ki shafa man zaitun.

Baban Sadik: Man zaitun bai hana santsi Aunty. Hukumar Lahiya ta Duniya (WHO) ta ce kusan mutum 684,000 ka mutuwa duk shekara ta hwaɗuwa, ƴan sama da 60 sunka hi yawa. Hajiya tana shan maganin hawan jini? Wani yakan sa jiri in an miƙe da sauri, balle da zahin Sakkwato in ba ta shan ruwa. Ciwon suga ma na kashe jin tahin ƙahwa.

Maman Hanifa: Tana shan wasu ƙwayoyi, ƙanwata ka saye. Amma Baban Sadik ba kai kag ganta ƙasa tana kiran sunana cikin duhu ba, zane duk ya jiƙe. In na bar ta tana tashi-zauna ta karye ni za a zaga.

Ummu Yusra: Wallahi ke za a zaga, tambaye ni.

Baban Sadik: To ko ƙwan lantarki ki sa hanyar makewayin, da ƙarhen dahwawa a bango, da tabarmar roba.

Maman Hanifa: Bango sai yaya ya yarda a huda mashi tayil, kuma tun jiya bai ɗaga wayata ba.