Me zan karanta kafin in fara rubutu kan waƙa da ƙwallon mata?

Rumasa'u: Salamu alaikum 'yan zaure. An ba ni shafin al'adu, an ce in haɗa waƙa da ƙwallon ƙafa ta mata, har da batun 'yan wasa da mawaƙan da suka fito fili suka ce jinsinsu suke so. Ni dai ba na son abin ya koma tsegumi. Wa ya san aikin jarida mai kyau a wannan fanni, na karatu ko na kallo?

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Ki fara da tarihi tukuna, 'yata. Nemi littafin Suzanne Wrack ta jaridar Guardian, A Woman's Game, na 2022. A nan za ki ga cewa a Disambar 1920 mutum 53,000 suka cika filin Goodison Park don kallon ƙungiyar ƙwallon Dick, Kerr Ladies, ta matan da ke aiki a wata masana'anta a Preston. Shekara na zagayowa, 1921, hukumar ƙwallon Ingila ta hana mata taka leda a filayenta, wai wasan bai dace da su ba, kuma ba a janye ba sai 1971. Brazil ma ta hana daga 1941 zuwa 1979. Duk wanda ya ce miki wasan mata bai da 'yan kallo tun asali, bai san an rufe musu ƙofa da gangan ba ne.

Jafar: In karatu ya yi miki nauyi, kalli Copa 71. Fim ne na gaskiya a kan gasar duniya ta mata da aka yi a Mexico a 1971 ba da amincewar FIFA ba. Denmark ta ci masu masaukin baƙi 3-0 a filin Azteca, gaban mutum sama da 100,000. Tsofaffin 'yan wasan da kansu suke ba da labari, wasu da furfura, suna dariya suna share hawaye.

Rumasa'u: Na rubuta su. To ɓangaren waƙa fa?

Zee: Nan ne gidana. Ki duba yadda mawaƙin Amurka Frank Ocean ya yi a 2012. Gab da fitar faifansa Channel Orange ya wallafa wasiƙa a Tumblr, ya ce soyayyarsa ta farko da namiji ce. Shi da kansa ya faɗa, shi ya zaɓi kalmominsa. Ki karanta sharhin da aka yi wa faifan a lokacin, za ki rarrabe marubutan gida biyu: masu sauraron waƙoƙin da gaske, da masu laluben sunan mutum a cikin baitoci. Na biyun nan ba su tsufa da kyau ba ko kaɗan. Sannan akwai hirar mawaƙiya Janelle Monáe da mujallar Rolling Stone a 2018, ita ma da bakinta ta faɗa.

Malam Sani: Ni fa ina da ja. Mai karatu ya zo neman sakamakon wasa da sabuwar waƙa, me ya kawo rayuwar mutum ta cikin ɗaki? Kuma kun san ba kowa ne zai karɓi batun ba, ni kaina ban karɓa ba.

Anti Bilki: Ra'ayinka naka ne, Malam, ba wanda ya ce ka sauya. Amma in 'yar wasa ta tsaya gaban duniya ta faɗi abu, ɗan jarida ba zai yi kamar bai ji ba. Megan Rapinoe ta Amurka, wadda ta fito fili ta ce jinsinta take so, ta ci Ballon d'Or a 2019, tana sahun gaba a ƙarar neman daidaiton albashi da aka sasanta kan dala miliyan 24 a 2022, kuma ba ta taɓa raba wannan gwagwarmaya da ko ita wace ce ba. Ka cire wannan, ka ba da rabin labari. Inda na yarda da kai shi ne wanda bai yi magana ba, a bar shi. Rumasa'u, ki riƙe wannan da kyau: kada ki ɗora wa kowa suna don aski ko tafiya ko jita-jitar intanet. A ƙasashe da dama doka na ɗaure mutum kan wannan, a wasu wuraren rai ake rasawa. Eudy Simelane, wadda ba ta ɓoye cewa jinsinta take so ba, ta buga wa Afirka ta Kudu, an yi mata fyaɗe an kashe ta a KwaThema a 2008.

Malam Sani: Allah ya kyauta. Wannan kam zalunci ne, babu ja.

Jafar: Akwai hoto ɗaya da ya kamata ki tsaya ki kalla sosai. Gasar duniya ta 2019, Sweden ta fitar da Kanada, Magdalena Eriksson ta Sweden ta je bakin 'yan kallo ta sumbaci Pernille Harder. Ita Harder kyaftin ɗin Denmark ce, amma rigar Sweden mai ruwan ɗorawa ce a jikinta. A wasan mata abin ya wuce ba tare da girgizar ƙasa ba. Ki gwada da na maza: Justin Fashanu ya fito fili a 1990, ya sha tsangwama, ya rasu a 1998, kuma ba a sake samun ƙwararren ɗan wasa da ke kan taka leda a Ingila da ya yi haka ba sai Jake Daniels na Blackpool a 2022. Dalilin wannan tazara kaɗai ya isa maƙala guda.

Hauwa K.: Kada a manta bambancin ba na jinsi kaɗai ba ne. FIFA ta hana sa hijabi a fili a 2007, sai 2014 ta amince gaba ɗaya. Nouhaila Benzina ta Maroko ce ta fara buga babbar gasar duniya da hijabi, a 2023, wasan da suka ci Koriya ta Kudu 1-0. Ki bibiyi rubutun Shireen Ahmed, 'yar jarida a Kanada, ta daɗe tana bin lamarin mata Musulmi a wasanni. Ga kuma muhawarar Euro 2022: Ingila ta ɗauki kofi, amma 11 ɗin da suka fara kowane wasa duk farare ne, aka yi ta tambayar ina 'yan matan unguwannin cikin birni.

Zee: Irin wannan ta faru a waƙa. Mawaƙiya Rina Sawayama a Ingila ta girma, amma a 2020 aka ce ba ta cancanci shiga takarar kyaututtukan waƙa na Birtaniya, Mercury Prize da BRITs, ba saboda fasfonta na Japan. Ta yi hira da Vice, aka yi ca, a 2021 aka sauya ƙa'idar. Hira ɗaya fa.

Rumasa'u: Kai, na gode ƙwarai. Wanne zan fara da shi a daren nan?

Jafar: Copa 71, awa ɗaya da rabi ne. Littafin ki bar shi zuwa ƙarshen mako.

Zee: In kin gama, ki turo mana daftarin farko kafin ya je wurin edita. Malam Sani ma ya duba, ya fi mu kama kuskuren shekaru.