Wa dannau ya taɓa dannewa? Ku zo mu haɗa labari

'Yar Kwarbai:
Assalamu alaikum jama'ar Zazzau. Ina son waɗanda dannau ya taɓa dannewa su faɗi yadda nasu ya kasance, ban da labarin "an ce". Nawa ya fi zuwa idan na koma barci bayan sallar asuba. Sai in farka sarai, ina ganin silin, ina jin sharar maƙwabciyarmu a tsakar gida, amma ko ɗan yatsa ya ƙi ɗaguwa. Ƙirji ya yi nauyi, in yi ta ƙoƙarin kiran Inna, murya ta ƙi fita. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne a duk lokacin ina jin akwai mutum tsaye bakin ƙofa, kuma ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Ɗan Gyallesu:
Wa alaikumus salam. Yaya, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni ina ɗalibi a Samaru ya matsa min, lokacin jarrabawa, da muke raba dare a aji muna karatu, mu dawo ɗaki gari ya kusa wayewa. Nawa ba ya tsayawa bakin ƙofa, har gadon yake zuwa, in ji katifa ta lotsa ta gefen ƙafa. Abokin ɗakina na zaune yana cin burodi, ina kallonsa, ina ihu a zuci. Da na kuɓuta na hau shi da faɗa don me bai taimake ni ba, ya ce shi dai ya ga ina barcina lafiya, sai ɗan gurnani. Ana gama jarrabawa abin ya ɗauke.

Maman Biyu, Tudun Jukun:
Mu a gidanmu Kaka cewa take wanda ya kwana rigingine shi ya kira dannau da kansa. Idan ta zo wucewa ta gan ka a haka sai ta sa ƙafa ta juya ka. Ni ya same ni a jegon 'yan biyu, barci rabi da rabi. Ban ga kowa ba, sai wata ƙara a kunne, zuuu, da jin kamar ana ɗaga ni sama daga kan gado.

Dokta na Shika:
Sannunku. Ni ma ya sha danne ni bayan aikin dare, don haka ba daga littafi kawai nake magana ba. Barci hawa-hawa ne, yana zagayawa kusan kowane minti 90. Akwai hawan da ake yawan mafarki a cikinsa, ido na ta motsi a ƙarƙashin fata. Masu bincike biyu, Aserinsky da Kleitman, suka gano shi a Jami'ar Chicago ta Amurka a 1953. A wannan hawan, gindin ƙwaƙwalwa yakan aika saƙo ya kulle tsokokin jiki, don kada mai mafarkin gudu ya tashi ya zura da gaske. Wani masani a Faransa, Michel Jouvet, ya nuna haka a 1965: ya lalata wannan ɗan wuri a ƙwaƙwalwar kyanwoyi, sai ga su suna miƙewa cikin barci, suna farautar abin da babu. Dannau shi ne hankali ya farka kafin a buɗe makullin. Ido ba ya cikin kullen, shi ya sa kuke gani. Numfashi ma bai tsaya ba, tantanin da ke ƙarƙashin huhu yana aikinsa, sai dai ba ka iya jan dogon numfashi da ganganci, wannan ne nauyin ƙirjin. Kuma hawan mafarki ya fi tsawo a ƙarshen dare, don haka 'Yar Kwarbai, barcin bayan asuba lokacinsa ne daidai.

Ɗan Gyallesu:
To Dokta, me ya sa sai lokacin jarrabawa?

Dokta na Shika:
Ƙarancin barci, sauya lokacin kwanciya, da damuwa. Duka ukun ka haɗa. A 2011 Sharpless da Barber sun tattara bincike 35 da aka yi a kan mutane sama da 36,000, suka ga kusan kashi 8 cikin 100 na jama'a sun taɓa fuskantarsa, amma a cikin ɗalibai kashi 28 ne. Kakar Maman Biyu ma tana da gaskiya, ya fi samun mai kwanciya rigingine.

Baba na Ƙofar Doka:
Likita, Allah ya ƙara basira. Na karɓi bayaninka a kan kullewar jiki. Amma ina da tambaya. Idan mafarki ne ya biyo mutum zuwa farke, ai mafarki iri-iri ne: wani ya ga kasuwa, wani ya ga biki, wani ya ga tuwo. Don me mai dannau ba ya ganin tuwo? Ni ina saurayi ina kwana a zauren gidanmu na ga baƙin abu dogo, ƙanena da ke Legas ya ga irinsa, ga wannan yarinya ta Kwarbai ita ma. Ba mu haɗa baki ba.

Dokta na Shika:
Ranka ya daɗe, nan ne gizo ke saƙar. Kuma abin ya wuce ƙasar Hausa. A tsibirin Newfoundland na Kanada tsohuwa suke cewa tana zama musu a ƙirji, a Masar da yawa aljani suke cewa, Japanawa da Turkawa ma kowa da nasa. Tun a 1664 wani likita a Holan, Diemerbroeck, ya rubuta labarin wata mata da take jin shaiɗan ko ƙaton kare ya kwanta mata a ƙirji. Hasashen masana shi ne sashen ƙwaƙwalwa mai gadin haɗari yana a kunne a lokacin, jiki kuma a ɗaure, sai hankali ya nemi wanda ya ɗaure shi, ya zana masa siffa daga inuwar ɗaki. Hasashe ne mai ma'ana, amma masana ba su rufe babin ba.

Baba na Ƙofar Doka:
Yawwa. To ku ci gaba da bincike, mu kuma mu ci gaba da Ayatul Kursiyyu.

Malama ta Limancin Kona:
Baba, ai ba faɗa tsakaninsu. Hadisin Bara'u ɗan Azib ya zo da yin alwala kafin barci da kwanciya ta gefen dama, ga shi Dokta ya ce rigingine ne ke jawo shi. Ni da ya matsa min a watan azumi, saboda barcin bayan sahur, na lura idan na karanta Falaƙi da Nasi a zuci, na daina kokawa, sai ya sake ni da wuri. Ranar da na firgita na yi ta fizge-fizge kuwa ya fi daɗewa.

Dokta na Shika:
Malama, wannan ya yi daidai da wani bincike na 2013 da ya kwatanta Masar da Denmak: inda aka fi jin tsoron abin, nan ya fi yawan zuwa, ya fi kuma jimawa. Tsoro na hana barci, rashin barci na dawo da shi. Yawanci daƙiƙoƙi ne zuwa 'yan mintuna. A mai da hankali kan motsa yatsan ƙafa ko ƙifta ido, ko wani ya taɓa ka, sai ya warware.

Mai Shayin Kwangila:
Ni nawa ya sha bamban. Da sanyin hunturu na shigar da kaskon garwashi ɗaki, na toshe taga da tsumma. Cikin dare na farka jiki ba ƙarfi, kai na sarawa, ga tashin zuciya. Na ce dannau ne. Allah ya sa yaron shagona ya zo ɗaukar tukunya ya buɗe ƙofa.

Dokta na Shika:
Subhanallahi. Malam, wannan ba dannau ba ne, gubar hayaƙin gawayi ce, wadda ba ta da wari ko launi, kuma tana kisa. Haka hayaƙin janareta. Dannau ba ya barin ciwon kai da amai, yana sakinka ka miƙe garau. Jama'a, don Allah kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. Sannan wanda dannau ke yawan zuwa masa, ga barci na fizgarsa da rana tsaka ko a kan aiki, ko gwiwoyinsa su saki idan ya yi dariya, ya je asibiti, akwai ciwon barci mai irin waɗannan alamu.

Direban Sabon Gari:
Dokta, tsaya. Maganar fizgar barci da rana ta shafe ni, kuma ni kan hanyar Kano nake wuni da fasinja. Wane sashe zan nema idan na je, kuma sai na zo da takarda daga ƙaramin asibiti?