A ƙara `tap` a laburaren, ko `map` ya wadatar?

Auta: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da ɗan laburare (tarin lambobin manhaja da wasu ke ɗauka su yi aiki da su) na yaren shirya manhaja Rust, ina so in saka masa wani mataimaki, `tap`, da zai karɓi abu, ya miƙa shi ga ɗan gajeren aiki, ya dawo da shi. Wani abokin aikina ya ce ɓata lokaci ne, ai `map` na nan. Me kuka gani?

Babban Yaya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, abokin naka ya haɗa abu biyu. `map` na abin da ke cikin mazubi ne, irin `Option` ko `Result` ko jeri: ya buɗe, ya sauya abin ciki, ya rufe. To idan lamba ce tsurarta fa? Sai ka naɗe ta a `Some`, wato ka saka ta cikin `Option`, don kawai ka kira `map`?

Hajiya: Kuma kada a manta, `map` na `Iterator` (mai bin abubuwan jeri ɗaya bayan ɗaya) malalaci ne, ba ya yin komai sai an nemi sakamakonsa. Na taɓa cusa `println!`, mai buga rubutu a allo, a ciki, na kwana ina neman dalilin da bai buga komai ba, ashe ban kira `collect` mai tattara sakamakon ba. Gargaɗin da kwamfaila (manhajar da ke fassara abin da ka rubuta wa na'ura) ta yi mini ma ban karanta ba.

Mai Ruby: Mu masu yaren Ruby mun daɗe da rabuwa da wannan gardama. `tap` tun Ruby 1.9 yake, yana dawo da abin da ka ba shi. `yield_self` ya zo a 2.5, suna mai nauyin baki, sai 2.6 ta ba shi laƙabin `then`. Yaren Scala 2.13 ma biyun ya ɗauka, `tap` da `pipe`.

Hajiya: Biyu sun isa wallahi. Yaren Kotlin biyar gare shi: `let`, `run`, `with`, `apply`, `also`. Ka ga `let` cikin `let`, kowanne da nasa `it` (sunan abin da aka miƙa masa), ka rasa wanne ake nufi.

Babban Yaya: Auta, kafin ka rubuta komai duba Rust 1.76, ta 2024. An saka `inspect` a `Option` da `Result`, leƙawa kawai yake ba ya taɓa abin. Sauran kuma akwai ƙunshin `tap` a crates.io, rumbun laburaren Rust. In kai ka ɗora wa kowane nau'i sabon aiki daga laburarenka, duk wanda ya shigo da shi tare da wani mai irin sunan zai ci karo.

Auta: Kenan in bar shi, Yaya?

Babban Yaya: In dole ne, ware shi a gefe, mai so ya shigo da shi da hannunsa. Turo layukan da suka dame ka mu gani tukuna, ina zargin `let` ɗaya na Rust, mai ba abu suna, da suna mai kyau zai kashe maganar.