Shin ya dace sojan da ke bakin aiki ya karɓi katin abinci na gwamnati?

Maman Hanif ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, yau dai na ce bari in fito da ita, tunda barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Maigidana sojan ƙasa ne a nan Amurka, shekararsa ta uku ke nan da shiga, yana matakin E-4, wato cikin ƙananan sojoji. Muna zaune a wani ƙaramin gari kusa da bariki a jihar Jojiya da yara uku: Hanif mai shekara 6, ƙanwarsa mai shekara 3, sai jaririya 'yar wata 7. Da ina aiki a gidan kula da tsofaffi, amma da aka yi masa canjin wuri muka dawo nan, na lissafa kuɗin renon yara biyu sai na ga zai lashe albashina kaf, na haƙura na zauna.

A lissafin 2025, albashinsa ya ɗan haura dala 3,100 a wata, da alawus ɗin abinci dala 465 wanda nasa ne shi kaɗai, ba a lissafa da iyali ba. Akwai kuma alawus ɗin gida da suke kira BAH, kusan dala 2,000, amma wannan ko warinsa ba ma ji, ranar 1 ga wata yake wucewa hannun mai gidan haya, har mu cika da namu a biya wuta da ruwa. In wata ya kai 20 sai na fara ƙirga famfas ɗai-ɗai. Naman halal kuwa sai mun yi tafiyar kusan awa guda, na sayo na ƙulla a leda ƙanana-ƙanana, kowace tukunya ƙulli ɗaya. Makon jiya ƙwai biyar suka rage, na soya wa yara, na ce wa babansu ai ni na riga na ci.

Ba da saninsa ba na cike takardar neman SNAP, wato katin abinci na gwamnati da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Noma. Matar da ta duba ta yi mini kirki, amma ta juyo da kwamfutar ta nuna mini: iyakar kuɗin shiga ta gida mai mutum biyar a lissafin 2025 dala 3,963 ce a wata. Ba don kuɗin gida ba da muna ƙasa da layin, da aka haɗa shi sai muka yi sama. Aka ce ba mu cancanta ba.

Da ya ji, ba rashin samun ne ya ɓata masa rai ba, zuwan da na yi ne. Wai shi da kakinsa a ce matarsa ta je neman abincin sadaka. Shi ne nake tambaya, don Allah ku faɗa mini gaskiya: laifi ne soja mai aiki ya karɓa? Kuma daidai ne a lissafa kuɗin haya a matsayin kuɗin shiga?

Direban Tirela ya rubuta:

Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba don na raina halin da kike ciki ba.

Ni tirela nake ja, mako uku ina hanya kafin in ga iyalina. Inshorar lafiya daga aljihuna take fita, haya daga albashin da aka riga aka cire wa haraji. Ku kuwa asibiti kyauta ne, kuɗin gidanku ba a cire masa haraji, ga kantin bariki mai rangwame. In na haɗa abin da kika lissafa ya wuce dala 5,500 a wata. Akwai iyalai da yawa da ba su kai rabin haka ba, kuma don su aka yi katin nan. In aka ce a rufe ido ga kuɗin hayarku, ni ma sai a rufe ido ga nawa.

Sannan na sha wucewa ta garuruwan bariki. Tun daga bakin ƙofa dillalan motoci ne jere, yaro ɗan shekara 19 ya karɓi albashin farko ya ɗauko sabuwar mota da bashi mai ruwa kamar me. Ban ce maigidanki haka yake ba. Amma in albashi ne bai isa ba, a ƙara albashin. Ƙasar da take kashe sama da dala biliyan 800 a shekara kan tsaro bai kamata ta tura sojanta layin Ma'aikatar Noma ba.

Ɗan Kurna ya rubuta:

Tirƙashi! Mu nan Kano muna zaton sojan Amurka ko tuwo sai da cokalin zinare yake ci. Allah ya rufa asiri, Maman Hanif, ya kawo mafita.

Tsohon Saje ya rubuta:

'Yata, sannu da ƙoƙari. Shekara 20 na yi cikin kakin nan kafin na ajiye, kuma na riƙe yara irin mijinki da yawa, saboda haka bari in ɗan yi tsawo.

Malam Direba, ka faɗi gaskiya a kan motoci, na sha zaunar da kurtu ina duba masa takardar bashi har kaina ya yi ciwo. Amma wancan gwauro ne mai kwana a bariki, yana ci a ɗakin cin abinci. Mai mata da 'ya'ya uku daban ne, kuma albashinsu ɗaya, domin soja ba ya ƙara maka albashi don ka haihu. Ko alawus ɗin gidan ma iri biyu ne kawai, mai iyali da marar iyali, ɗa ɗaya da 'ya'ya biyar duk ɗaya. An kuma tsara shi ne ya biya kashi 95 cikin 100 na kuɗin gida, ba duka ba.

Inda nake ganin rashin adalci shi ne nan. Farar hula da gwamnati take biya wa haya ta shirin Section 8, ba a lissafa masa wannan tallafi in ya nemi SNAP. Hukumar haraji ma ba ta ɗauki BAH a matsayin kuɗin shiga ba. Sai an zo kan abinci ne yake rikiɗa ya zama dukiya. Har ta kai wanda aka tura San Diyego, inda haya ke cin wuta, a takarda ya fi na Jojiya arziki, alhali aljihunsu ɗaya. Kuma soja ba shi ya zaɓi garin ba, ba ya kuma iya cewa ya bar aikin ko ya nemi ƙarin awa. Duk shekara biyu ko uku a kwashe shi, matarsa ta rasa aikinta ta fara daga farko. Shi ya sa kusan ɗaya cikin biyar na matan sojoji masu neman aiki ba su da shi.

Ba ku kaɗai ba ne, 'yata. Binciken da cibiyar RAND ta fitar a 2023 ya nuna kusan kashi 26 cikin 100 na sojoji masu aiki sun yi fama da ƙarancin abinci a 2018. Majalisa ta sani. A watan Janairun 2023 aka fara biyan wani alawus mai suna BNA don irin gidanku, amma da yake shi ma yana lissafa kuɗin gida ga mafi yawan mutane, ƙalilan ne suka samu. Daga baya aka ɗaga iyakarsa zuwa ninki biyu na ma'aunin talauci, aka kuma yi wa E-1 zuwa E-4 ƙarin albashi na kashi 14.5 a 2025. Bisa lissafin da kika kawo, ya kamata mijinki ya je ofishin kuɗi ya tambayi BNA ɗin nan.

Na san abin da ke ransa. Yana tsoron saje ya ji, a ce ba ya iya riƙe gidansa, abin ya taɓa masa ƙarin girma. Ki gaya masa wani tsoho ya ce bashin da ya kasa biya ne yake ɓata wa soja takarda, ba neman haƙƙinsa ba. Ra'ayina dai, a ƙara albashi kamar yadda Malam Direba ya ce, amma kafin Majalisa ta gama gardama yara ba za su yi azumi ba.

Anti Nas ta rubuta:

Maman Hanif, bar ta SNAP tukuna, kin nemi WIC? Na mata masu ciki da masu shayarwa ne da yara 'yan ƙasa da shekara 5, kin ga in kina shayarwa, ke da ƙananan biyu duk kun shiga sahu. Iyakarsu kashi 185 na ma'aunin talauci ce, ba 130 irin ta SNAP ba, kuma jihohi da yawa ba sa lissafa BAH. Za ki samu madara, ƙwai, wake, hatsin karin kumallo, kayan lambu da 'ya'yan itace, kantin bariki ma yana karɓar katin. Famfas dai babu, ko SNAP ɗin ma ba ya sayen shi. Ki tafi da takardar albashinsa da shaidar adireshi da yaran kansu, don za a auna su.

Maganar sadaka kuma, duk wata ana cire masa haraji. Ki nuna masa layin a takardar albashin.

Maman Hanif ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Direba, ban ji haushi ba wallahi, motarmu dai ta 2012 ce, ƙofar baya ma sai daga waje take buɗuwa.

Baba Saje, jiya bayan isha'i na miƙa masa wayar ya karanta naka har sau biyu, bai ce uffan ba. Da safe yana ɗaura takalmi ya tambaye ni sunan alawus ɗin, na rubuta masa a bayan rasit ya sa a aljihu. Anti, na kira WIC sun ba mu ranar Talata ƙarfe 10. Ya ce zai nemi izini ya kai mu, amma sai ya biyo gida ya cire kaki tukuna.