Musayar Waƙa: Ranar Shekem

Tsohon Malamin Littafi:

Salama gare ku cikin sunan Yesu. Nazarinmu ya kai 1 Sarakuna sura 12. Ga nawa baitocin, mai amsa ya amsa.

Da sunan Uba na buɗe bakina,
Rehobowam shi ne abin zancena,
Ɗan Sulemanu, ku ji bayanina,
Gadon da ya samu bai riƙe shi ba.

Ya je Shekem za a naɗa shi sarki,
Jama'a suka ce, "Mun gaji da aiki,
Karkiyar babanka ta ci mana jiki,
Sassauta, ba za mu ƙi bin ka ba."

Mutum 30,000 uban ya tara,
Lebanon suke zuwa, itace su sara,
Wata guda can, biyu gida, su ƙara,
Ɗan ba zai ce bai san da wannan ba.

Dattawan fada da suka ga jiya,
Suka ce, "Ka bauta musu yau ɗaya,
Ka ba su amsa mai sanyaya zuciya,
Har abada ba za su bar ka ba."

Sai ya koma gun abokan tashinsa,
Suka ce, "Babanka, ka ce yatsanka ya fi ƙugunsa,
Da bulala ya hore su a zamaninsa,
Kai da kunamai, ba da wasa ba."

Kwana uku ya ɗauka yana shawara,
Kabila goma suka tafi, biyu suka saura,
Yana ji yana gani ya tafka asara,
Don bai tambayi jiya abin da ta gani ba.

Ɗan Kwaya:

Baba, na durƙusa, ina neman gafara,
Kullum a wannan sura mu matasa ake wa harara.

Shekara 41 gare shi ran da ya hau gado,
Ba yaro ba ne da ake tsoratarwa da dodo.

Su dattawan nan ai gaban Sulemanu suka tsaya,
Ana kwasar 'ya'yan mutane, wa ya ɗaga murya?

Furfura kaɗai ba ta ba da hikima, Baba, ka sani,
Elihu ƙarami ya faɗa wa abokan Ayuba tun tuni.

'Yar Zumuntar Mata:

Ɗana, ka faɗi gaskiya, ban musa maka ba,
Amma akwai aya ta 18 da ba ku taɓa ba.

Jama'a sun watse, kowa ya kama hanya,
Wa sarki ya ɗauka ya tura ya bi su a baya?

Adoniram! Shugaban aikin gandu da kansa,
Wanda iyayensu suka yi gumi a ƙarƙashinsa.

Uwar da ta yi wata tana jiran ɗanta ya dawo,
Ta san sunan nan, ba sai an ce mata daga ina ya zo.

Suka jefe shi da duwatsu har ya daina motsi,
Sarki ya faɗa karusa, sai Urushalima cikin matsi.

Abin da ke sa ni hawaye duk sanda na karanta,
Talakawa sun riƙe tarihinsu, fada ce ta manta.

Mai Bishara:

Mama da Baba, ina da tambaya mai nauyi,
Aya ta 15 ta ce Ubangiji ne ya kawo wannan juyi.

Tun Sulemanu na da rai annabi Ahija ya faɗa,
Ya kece sabuwar riga kashi 12, ya ba Yerobowam, baran Sulemanu, 10 shaida.

In an riga an yanke, me tunawa da jiya za ta hana?
Ku warware mini, abin ya tsaya mini a raina.

Tsohon Malamin Littafi:

Ɗan'uwa, hukuncin yana da asali,
Sulemanu ya bi gumaka, ya bar hankali,
Sau biyu Allah ya bayyana gare shi a fili,
Mantuwar ba daga ɗan ta fara ba.

Allah ya san abin da ɗan zai furta,
Amma bakinsa ne ya yi maganar mugunta,
Shawara ta zo har gida, shi ya kore ta,
Ba a ɗaure masa hannu ba.

Ka duba ranar da ya saurari annabi,
Mayaƙa 180,000 sun ɗaura takobi,
Shemaiya ya ce, "'Yan'uwanku ne," sai ya bi,
Suka koma gida, ba a zub da jini ba.

Shekara ta 5 Shishak na Masar ya kawo hari,
Garkuwoyin zinariya ya kwashe tari,
Sarki ya ƙasƙantar da kai, Allah ya kāre gari,
Bai bari a hallaka Urushalima ba.

Kai kuma ɗana, na ji ƙorafinka,
Shirun dattawan nan ni ma yana ci mini rai kamar ka,
Amma ran da suka buɗe baki sun faɗi daidai, kunnenka,
Kada ya ƙi gaskiya don ba ta zo da wuri ba.

Ɗan Kwaya:

Na karɓa, Baba, amma ga wani can a gefe,
Yerobowam da aka ba goma, shi ma ai ya kife.

Wane ɗan Isra'ila ne bai ji labarin maraƙin Haruna?
Shi biyu ya ƙera, Betel da Dan ya kai su suka zauna.

Har maganar da aka yi a jeji ya maimaita,
"Ga allolinku da suka fisshe ku daga Masar," ya furta.

Mama, ke kika ce talakawa sun riƙe tarihinsu,
To me ya kai su Dan sujada, wa ya ɗauke hankalinsu?