An ƙara muku kuɗin famfo? Wa ya duba littafin hukumar ruwa a wajenku?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hukumar ruwan da ke ba mu famfo, wadda ta gwamnati ce, ta sanar da ƙarin kuɗi daga wata mai kamawa. Ba biyan ne ya dame ni ba, na san tace ruwa da turo shi cikin bututu ba kyauta ake yi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sanarwar ba ta ce komai ba sai tsadar aiki. Ba a nuna nawa suka tara bara ba, balle nawa suka kashe da kuma a kan me. Da na tambaya a ofis wa ya amince da sabon farashin, sai aka ce daga sama ya zo. Don Allah wanda irin wannan ya taɓa samu ya ba mu labari: wa ya duba lissafin? An saurare ku? Ruwan ya ƙaru bayan nan?

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam Hajiya. A sashen kuɗi na wata hukumar ruwa na yi aiki har na yi ritaya, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani.

Tsadar aikin gaskiya ce. Wutar lantarki da man dizal na injinan tura ruwa su ne suka fi cin kuɗinmu, sai albashi, sai alif da kulorin na matata. In farashin mai ya motsa, a watan za mu ji a jikinmu. Amma akwai abin da ba a rubuta shi a sanarwa. Manyan masu cin bashinmu ba magidanta ba ne, ma'aikatun gwamnati ne da bariki da manyan makarantu. Su suka fi kowa shan ruwa, kuma ba wanda ya isa ya je ya yanke musu. Talakan da ya yi jinkirin wata biyu za a cire masa bututu, ma'aikatar da ta shekara da shekaru ba ta biya ba sai dai a aika mata wasiƙar tuni. In an zo ƙarin kuɗi, wanda dama yake biya shi ke ɗaukar nauyin wanda ba ya biya.

Wani abin da ya fi wannan ciwo: abin da muka tara ba a hannunmu yake kwana ba. Baitulmali yake wucewa, sannan mu rubuta takarda muna roƙon a sako mana na sayen alif. Kuma farashin da ake yankawa na gudanar da yau da gobe ne kawai, ba a ware ko kaɗan don ranar da injin zai tsufa. Injin kuwa dole ya tsufa. Ranar da ya mutu sai unguwanni su zauna babu ruwa ana jiran a sa shi a kasafin baɗi. Ga kuma siyasa: in zaɓe ya gabato ba mai taɓa farashi, a bar shi shekaru a daskare, in an wuce a ninka shi lokaci guda jama'a su ji kamar an zalunce su.

Mai Karanta Mita:
Baba Akawu ya faɗi na ofis, ni zan faɗi na titi. A layukan da nake bi, da yawan mitoci sun mutu tun kafin a ɗauke ni aiki. Gidan da mitarsa ta mutu ƙiyasi ake masa, a dubi girman gidan a rubuta. Ruwa ya zo ko bai zo ba, takardar ɗaya ce. Ni nake miƙa ta, ni nake shan faɗa, kuma wallahi sau da yawa mai gidan ne ke da gaskiya. Inda mita ke aiki ma akwai matsala: in an daɗe ba ruwa, bututu na cika da iska, in an sako sai iskar ta riga ruwan fita tana juya mita. Mutum ya biya kuɗin iska. Duk wanda zai amince da ƙarin kuɗi ya kamata ya fara tambayar gida nawa ke da mita mai rai.

Injiniya:
Zan ɗan saɓa da masu ganin duk ƙari zalunci ne. Na yi aikin gyaran bututu, na ga abin da araha ta ƙarya ke jawowa. Hukumar da kuɗin shigarta bai kai na aikinta ba ba za ta taɓa kai bututu sabuwar unguwa ba. Amma ƙari shi kaɗai bai gyara komai, domin babbar ɓarakar tana ƙarƙashin ƙasa. A inda na yi aiki, ruwan da ke fita daga matata da wanda ake rubuta wa takardar biya tazararsu ba ƙarama ba ce: yoyo, fasassun bututu, da masu jona ba izini. An sayi alif, an ƙona mai, ruwan ya tafi a banza. Ƙara kuɗi a haka ɗibar ruwa ne da kwando.

Misalin da nake yawan kawowa shi ne Phnom Penh, babban birnin Kambodiya. A 1993, lokacin da Ek Sonn Chan ya karɓi ragamar hukumar ruwansu, kusan kashi 72 cikin 100 na ruwan ɓacewa yake ba kuɗinsa. Ba a sayar da hukumar ba, ta gwamnati ta ci gaba da zama. An ba ta 'yancin riƙe kuɗinta, aka sa mita a gidaje, aka sauya tsofaffin bututu, aka tilasta wa manya har da sojoji su biya. Asarar ta sauka ƙasa da kashi 10. Sun ƙara farashi, amma mutane sun ga ruwa dare da rana.

Malamar Firamare:
Injiniya ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Unguwarmu bututu bai iso ba, a jarka muke saye. Na taɓa zama na lissafa abin da nake kashewa a wata, na kwatanta da takardar yayata da ke da famfo a gida: na fi ta biya nesa ba kusa ba, kuma ta fi ni samun ruwa. Tallafin da gwamnati ke zubawa don farashi ya zauna ƙasa masu famfo yake amfana, mu da ba mu da shi ko ƙamshinsa ba ma ji. A Yulin 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa samun tsaftataccen ruwa haƙƙin ɗan Adam ne. Afirka ta Kudu a 2001 ta fito da tsarin lita 6,000 kyauta ga gida a kowane wata, abin da ya haura haka a biya. Ni irin wannan nake so: na sha da girki ya yi sauƙi, mai wanke motoci da ban ruwan fulawa ya biya da tsada, rarar a ja mana bututu.

Mai Gidan Haya:
Malama, tsarin matakin nan mu cutar da mu ya yi. Gidana iyalai da dama ne a ciki, mita ɗaya. Kowane ɗaki ruwa kaɗan yake amfani da shi, amma in an haɗa sai mu faɗa mataki mafi tsada, daidai da attajiri mai lambu. Na kai kuka, aka ce haka jadawalin yake. Wanda ya tsara shi bai taɓa shiga gidan haya ba.

Mazaunin Sikotland:
Bari in ba ku yadda ake yi a inda nake zaune, don ya dace da tambayar Hajiya. Ingila da Wales sun sayar da kamfanonin ruwansu ga 'yan kasuwa a 1989, amma Sikotland ba ta bi su ba. A 2002 aka haɗe hukumomin ruwa uku aka kafa Scottish Water, mallakar gwamnati, kuma majalisar dokoki na iya kiranta ta yi bayani. Duk da haka ba ita ke yanka wa kanta farashi yadda ta ga dama ba. Tun 2005 akwai hukuma ta daban, WICS, mai duba lissafinta. Ministoci su faɗi abin da ake so a cim ma, kamar ingancin ruwa da gyaran magudanai, ita kuma WICS ta auna mafi ƙarancin kuɗin da zai isa a yi aikin cikin hankali, ta sa iyakar da ba za a wuce ba. Zangon da aka tsara na 2021 zuwa 2027 ne, shekara shida ke nan, kuma takardun suna intanet kowa na iya karantawa. Ingancin ruwan sha kuma wani ofishin ne daban ke sa masa ido.

Yawancin gidaje ba su da mita. Kuɗin ruwa tare yake zuwa da harajin ƙaramar hukuma, gwargwadon rukunin da gidanka yake, kuma babba da ke zaune shi kaɗai ana rage masa kashi 25. Nan ma ana ƙorafi in an yi ƙari, ni ma na yi. Bambancin shi ne in na yi ƙorafi ina da takardar da zan riƙe in ce ga abin da kuka yi alkawari.

Dattijon Unguwa:
Ɗana, wa ke naɗa masu duba lissafin? Ba gwamnatin da ta mallaki hukumar ruwan ba ce? Na halarci zaman jin ra'ayin jama'a kan ƙarin kuɗi. An karanta mana lambobi da sauri, muka yi magana, aka rubuta, farashin da aka zo da shi shi aka tafi da shi. Ban ga amfanin zuwana ba.

Tsohon Akawu:
Yaya, tambayarka a kan hanya take, kuma na ga irin zaman da kake faɗa. Amma na ga wani iri kuma. Shekarar da aka fara tilasta mana miƙa littafinmu ga wata hukuma ta waje kafin a taɓa farashi, ofishinmu ya canza. Asusun da ya yi shekaru ba a kai wa masu binciken kuɗi ba dole aka zauna aka kammala shi. Kuɗin da ake sakawa a ƙarƙashin "sauran buƙatu" dole aka fayyace shi. Sun soke wasu abubuwan da muka nema, suka ce ba za a ɗora wa mai biya ba, suka kuma ɗaure wani ɓangare na ƙarin da sharaɗin rage yoyo. Gwamnati ce ta naɗa su, gaskiya ne, amma wa'adinsu a rubuce yake, ba a korarsu don ran wani ya ɓaci, kuma hukuncinsu da dalilansa bugawa ake. Wannan bugawar ita ce ta fi ba mu tsoro. Ghana na da irin wannan hukuma tun 1997, PURC, mai duba farashin ruwa da na lantarki. Kenya na da WASREB, wadda dokar ruwa ta 2002 ta samar, har rahoto take fitarwa tana jera kamfanonin ruwa daga mai ƙoƙari zuwa mai baya.

In za ku sake zuwa irin zaman, ku nemi takardun tun kafin ranar, ku sami mai ilimin lissafi a cikinku ya karanta. Ku tambayi asusun bara da aka bincika, da kason ruwan da ke ɓacewa, da bashin da ake bin ma'aikatun gwamnati. Na ukun nan shi ne ba sa son a tambaya a bainar jama'a.

Mai Karanta Mita:
Alhaji mai gidan haya, akwai wuraren da ake yarda a yi wa gida rajista da yawan iyalan da ke cikinsa, sai a faɗaɗa masa matakin farko gwargwadon haka, ko a raba mita. Ka rubuta buƙatar a takarda, masu hayar su sa hannu, ka karɓi kwafi mai hatimi. In akwai hukumar duba farashi a wajenku ka aika mata kwafi ita ma, don ita ce ke da ikon taɓa jadawalin, mu na ƙasa ba mu da shi.