Wa ya taɓa shuka asta a ƙarƙashin bishiya?

Uwar Biyu, Maryland: Salamu alaikum jama'a. Wata ƙatuwar bishiyar mapul ta tare rana a bayan gidanmu, ko ciyawa ta ƙi fitowa. Maƙwabciyata ta ce in gwada astar daji, wata shuka mai fure wadda asalinta na nan gabashin Amurka ne. Don Allah wanda ya taɓa shukawa ya ba ni labari kafin in kashe kuɗina.

Baban Yara, Ohio: Wa alaikumus salam Hajiya. Nemi mai farin fure, a takardar jikinta za ki ga an rubuta Eurybia divaricata. Tawa tana gindin bishiya inda saiwoyi ke shanye ruwa, amma ko a jikinta. Shekarar farko kawai na riƙa ba ta ruwa. Duk bazara ganye ne zalla, har maiɗakina ta ce ciyawa nake reno. Ƙarshen Agusta sai ta ɓarke da fure har cikin Oktoba, lokacin da sauran furanni sun tafi, ƙudan zuma kuma na neman abin da za su shiga sanyi da shi. Tsakiyar furen rawaya ne, daga baya ya koma ja-ja.

Yaya Babba, New Jersey: Ƙanwata, ki shirya wa zomaye. Da tawa ta tsiro suka aske ta ƙasa-ƙasa, sai da na kewaye ta da waya. Idan ta yi ƙarfi ba sa iya kashe ta.

Malamin Lissafi, Pennsylvania: Ni mai shuɗi-shuɗin fure nake da ita, Symphyotrichum cordifolium. Ta fi farar tsayi, kuma wallahi yaɗuwa gare ta kamar tafasa a damina, ko'ina iri ya faɗa sai ya fito. Cikin Yuni nakan sare rabin tsayinta don kada ta kwanta. Idan fure ya bushe ba na yankewa, tsuntsaye ne ke cin irin da sanyi. In kin ga tsutsa a ganye kada ki fesa magani, wasunsu malam-buɗe-littafi za su zama.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. Ganyen da bishiyar ke zubarwa fa, in share?

Baban Yara: A'a Hajiya, bar shi a gindinta, shi ne takinta. In ya taru da yawa ki ɗan rage kafin ta tsiro.